Enzo Ferrari: Mutumin da ya farfasa motocin da ake kwaikwayo a yau

Idan kana bin shafukan motoci a TikTok ko Instagram, ka san musun da ba ya ƙarewa: a nemo tsohuwar motar tsere ta asali a farfaɗo da ita, ko kuwa a ƙera sabuwa mai kama da ita sak? Kafin ka zaɓi ɓangare, tsaya ka ji tarihin mutumin da ake kwaikwayon motocinsa, domin shi kansa ya tsunduma cikin wannan rigimar.

An haifi Enzo Ferrari a Modena da ke Italiya a watan Fabrairun 1898. Mahaifinsa yana da ƙaramar masana'antar ƙarfe. A 1916 mahaifin da yayansa suka rasu, sana'ar gidan ta durƙushe. Aka kai shi soja a yaƙin duniya na farko, aikinsa sa wa alfadarai takalmin ƙarfe. Da ya dawo ya nemi aiki a Fiat, suka ƙi ɗaukarsa. Sai a 1920 ya samu shiga Alfa Romeo a matsayin direban tsere. A 1929 ya kafa ƙungiyar tserensa, Scuderia Ferrari, sannan a 1947 motar farko mai ɗauke da sunansa, 125 S, ta fito daga Maranello.

To ga abin mamakin. Enzo bai ɗauki tsohuwar mota a bakin komai ba. Tsere ne a ransa, motocin titi kuwa yana sayar da su ne don ya samu kuɗin tseren. Mota ta gama aikinta? A kwance ta, a ɗebi abin da zai yi amfani, a haɗa sabuwa. Haka 125 S ta ɓace, kayanta suka shige cikin motocin da suka biyo baya. Haka kuma motar 156 mai hanci irin na kifin shak, wadda Ba'amurke Phil Hill ya ci kambun duniya na Formula 1 da ita a 1961: an farfasa su duka, ko ɗaya ba ta tsira ba. Duk wadda ka gani a bidiyo yau, kwafi ce. Kai, har kamfanin Ferrari da kansa sai da ya sa aka ƙera kwafin 125 S a 1987, lokacin bikin cika shekara 40, domin ba shi da ta asalin da zai nuna.

Amma kada ka ɗauka Enzo yana wasa da sunansa. A 1984 aka fara wani shirin talabijin a Amurka mai suna Miami Vice, jarumin yana yawo a baƙar Ferrari Daytona. Ashe Chevrolet Corvette ce aka cire mata bodi aka ɗora wani mai kama da na Ferrari. Kamfanin ya maka mai ƙera kwafin a kotu, ya kuma ba masu shirin Testarossa ta gaske. A 1986 masu kallo suka ga an tarwatsa motar bogin a cikin shirin, jarumin ya koma hawa farar Testarossa.

Ka lura da bambancin? Kwafin 125 S bai ɓoye cewa kwafi ba ne, yana nuna maka abin da ya riga ya salwanta. Daytona ɗin kuwa rigar aro ce, tana cin albarkacin tambarin dokin da ba nata ba.

Shi ya sa masu farfaɗo da ta asali suke shan wahalar da suke sha. Ɗauki 250 GTO: guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. A watan Agustan 2018 an sayar da ɗaya a gwanjo a Kalifoniya kan dala miliyan 48.4. Mai saye yana biyan lambar shasi ne da lambar inji da tarihin tseren da motar ta shiga, abubuwan da babu bakaniken da zai iya ƙera su. Gyaran irin wannan mota yakan ɗauki shekaru: kayan gyara sun yi ƙaranci, bodin alminiyam ne da aka buga da hannu, kuma duk ƙarfen da ka sauya ka rage wani abu daga asalinta. Tun 2006 kamfanin yana da sashe mai suna Ferrari Classiche da ke gwada mota da takardun masana'anta kafin ya ba ta shaidar cewa ta gaske ce.

Kwafi kuma yana da nasa amfanin. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kana iya hawa ka take ba tare da fargabar asarar tarihi ba, kuma mai ƙera shi yana koyon walda, inji da fenti tun daga tushe. Inda abin ya ɓaci shi ne lokacin da wasu suka riƙa yanka tsofaffin Ferrari 250 GTE na gaske, masu kujera huɗu, don su mayar da su GTO na ƙarya. An kashe mai asali don a samar da jabu ke nan.

Enzo ya ga rayuwa. Ɗansa Dino ya rasu a 1956 yana da shekara 24. A 1963 ya fasa sayar wa Ford kamfanin, su kuma suka rama da lashe tseren Le Mans sau huɗu a jere daga 1966. A 1969 Fiat ɗin da ta ƙi shi aiki ta sayi rabin kamfaninsa. F40 ta 1987 ce mota ta ƙarshe da ya amince da ita, ya rasu ranar 14 ga Agusta 1988 yana da shekara 90.

Don haka in wata rana Allah ya hore maka, ka ƙera kwafin da kake so, ka more abinka. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da za ka ɗora hotonta ko ka sayar, ka faɗi ko mece ce ita. Idan kuma ta asali ce ta faɗo hannunka, ko da tsohuwar 504 ɗin kakanka ce da aka harhaɗa a Kaduna, kada ka yi gaggawar kiran 'yan gwangwan. Ferrari ma sai da ta ƙera kwafin motarta ta farko.