Louis Pasteur, Ɗan Majemin da Ya Tabbatar Yis Yana da Rai

Duk wanda aka taɓa aika shago sayen yis ɗin fanke ya san ɗan garin nan mai kama da yashi. A zuba a kwaɓin fulawa, a rufe, kafin a jima ya tashi har ya ture murfi. Mu a da mun ɗauka sinadari ne irin kanwa. Ashe halitta ce mai ci tana hayayyafa, kuma wanda ya tabbatar wa duniya haka shi ne Louis Pasteur.

An haife shi ranar 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole na ƙasar Faransa. Mahaifinsa majemi ne. Yana yaro bai yi fice a aji ba, zane ya fi iyawa. Wannan ya yi wa wasunmu daɗi ƙwarai.

A 1856, yana koyarwa a birnin Lille, wani mai masana'antar barasa ya kawo masa kuka cewa randunansa suna lalacewa. Pasteur ya ɗebo ruwan ya duba a madubin ƙara girma. A randuna masu kyau ya ga ƙwayoyin yis zagaye-zagaye. A waɗanda suka yi tsami kuwa ya ga wasu ƙwayoyi sirara, dangin masu mayar da madara nono. Daga nan ya fara tunani: idan abin da ido ba ya gani zai ɓata randa, me zai hana ya ɓata jikin mutum?

Shi kansa cuta ba ta bar gidansa ba. Cikin 'ya'yansa biyar, uku sun rasu suna yara, biyu da taifot. A 1868 ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma bai bar aiki ba.

Ranar 6 ga Yuli, 1885, aka kawo masa Joseph Meister, ɗan shekara 9, wanda mahaukacin kare ya ciza. Rigakafin da Pasteur ya haɗa a kan karnuka ya gwada shi, kuma shi ba likita ba ne, sai da aka kira likita ya riƙe allurar. Da yaron ya mutu, da kowa shi zai nuna da yatsa. Allura 13 aka yi masa, cutar ba ta kama shi ba. Pasteur ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895. Cibiya mai sunansa da ke Dakar har yau tana yin rigakafin shawara.

Yis ɗin ma bai tsaya a burodi ba. Tun 1986 ake amfani da shi wajen haɗa rigakafin ciwon hanta, irin wanda ake yi wa ƙannenmu jarirai a asibiti. Yanzu masana suna ƙoƙarin sa shi ya riƙa samar da mRNA, wato saƙon da ke gaya wa jiki abin da zai ƙera, wanda aka yi wasu alluran korona da shi. Kayan haɗa mRNA a masana'anta tsada gare su, kuma mu a Yalwa mun san yadda tsadar magani ke sa a koma gida da mara lafiya. Shi yis sukari yake ci.