Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa da Littafinsa Shaihu Umar

Jama'a sun san Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan Firayim Minista, amma mu malamai mun fi tunawa da shi a kan mawallafi. An haife shi a ƙasar Bauci cikin 1912, watau shekara goma bayan Turawa sun ci garin, sa'ad da tsofaffin da aka kamo bayi suna nan da ransu. Ya shiga Kwalejin Katsina cikin 1928, ya fita cikin 1933, ya koma Bauci yana koyarwa a Midil.

A shekarar da ya fita ne Dokta East na Ofishin Fassara a nan Zariya ya sa gasar ƙaga labari da Hausa. Malam Abubakar ya aiko da Shaihu Umar, aka buga shi cikin 1934. Labarin wani yaro ne na Kagara wanda aka sace, aka kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar, ya rene shi tamkar ɗansa har ya zama malami. Amma duk wannan daula ba ta mantar da shi uwarsa ba, sai ga ta tana zo masa cikin mafarki. Ita kuwa garin nemansa ta faɗa bauta, suka sadu da ƙyar, ba ta daɗe ba ta cika.

Wani likitan Ostiriya, Sigmund Freud, ya koyar cewa ciwon da aka ji a ƙuruciya ba ya ɓacewa, ɓuya yake yi cikin zuciya, ya fito a mafarki. Ga malami ɗan shekara 21 ya nuna haka da harshenmu, a kan cutar da bauta ta yi wa ƙasarmu.

Daga baya ya je Landan ƙaro ilmi cikin 1945, ya zama Firayim Minista cikin 1957. Daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Ikko, bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a bakin hanya. Yaron da ya ƙaga ya komo ƙasarsu da rai, shi kuwa gawarsa aka kai Bauci.

Muna roƙon malamai su karanta wa almajiransu littafin nan, domin kada a manta. Allah ya jiƙansa, amin.