Galileo, Masanin da Ya Gano Hanyar Jifa

An haifi Galileo Galilei a birnin Pisa ta ƙasar Italiya ran 15 ga Fabrairu, 1564. Ubansa makaɗi ne, ya kuwa so ɗan ya zama likita, amma zuciyar yaron tana ga lissafi. A 1589 ya soma koyarwa a Jami'ar Pisa, a 1592 ya koma ta Padua, ya shekara 18 a can.

A zamanin nan masana da yawa suna zaton harsashin igwa yakan tafi ɗoɗar ne sai ƙarfinsa ya ƙare, sa'an nan ya faɗo. Galileo kuwa a wurinsa gani ya kori ji. Ya fafe wa katako kwari, ya jingine shi, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a ciki. Da yake babu agogon kirki, sai ya auna lokaci da nauyin ruwan da ke tsiyaya daga wani mazubi. Ya ga in ƙwallon ya ci taki 1 a lokaci na fari, zai ci 3 a na biyu, 5 a na uku.

Daga nan ya gane asirin jifa. Abin da aka jefa tafiya biyu yake yi gaba ɗaya, kuma babu ruwan wannan da waccan. Ta gaba ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, in an ɗebe ƙarfin iska. Ta ƙasa kuwa kullum ƙara sauri take. Ga misali: a wurga dutse a miƙe daga kan tsauni, yana cin mita 10 kowane sakan. Bayan sakan 2 ya yi gaba mita 20, ya sauka wajen 20. Bayan sakan 3, gaba 30, ƙasa wajen 45. In ka haɗa su, sai ka ga lanƙwasar da ake kira farabola. Har wa yau ya tabbatar da lissafi cewa a fili igwa ta fi cin nisa in an ɗaga bakinta digiri 45.

A 1633 kotun Ikilisiyar Roma ta tsare shi a gida don ya koyar cewa duniya ce ke kewaya rana. Cikin tsaron nan, ga tsufa, ga ido yana mutuwa, ya rubuta littafin da ya ƙunshi wannan ilmi, aka buga shi a Holan a 1638. Ya rasu ran 8 ga Janairu, 1642.

To, 'yan'uwa, in lissafin jifa ya cije muku, ko ya cije wa almajiranku gobe, ku tuna da dabarar tsohon nan: ku raba tafiyar biyu, ku bi kowace daban, lokaci ne kaɗai ya haɗa su.