Anton Chekhov: Likitan da ya nuna wa duniya cewa mai larurar ƙwaƙwalwa mutum ne

An haifi Anton Chekhov a shekarar 1860 a garin Taganrog da ke kudancin Rasha. Mahaifinsa ɗan kanti ne mai zafin hannu a kan 'ya'yansa, kuma a 1876 ya karye, bashi ya kore shi zuwa Mosko. A can Anton ya shiga jami'a karatun likita a 1879, ya gama a 1884. Tun yana ɗalibi yake rubuta gajerun labarai yana sayar wa jaridu don ya ciyar da gidansu.

Aikin likita ne ya koya masa kallon mutane da idon basira. A 1890 ya yi doguwar tafiya zuwa tsibirin Sakhalin, inda gwamnati ke jibge fursunoni. Ya yi kimanin wata uku yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta bayanansu a kan katuna kusan 10,000. A 1892 ya koma ƙauyen Melikhovo, yana duba talakawa kyauta, ya kuma yi aikin kare yankin daga annobar kwalara.

A wannan shekarar ya fitar da labarinsa mai suna Ɗaki Mai Lamba 6, a kan masu taɓin hankali biyar da aka kulle a wani lungun asibiti, maigadi yana jibgarsu. Ɗayansu, Gromov, mai ilimi ne da tsoron za a kama shi ya mamaye rayuwarsa. Chekhov ya bi asalin ciwon daki-daki: rushewar gidansu, talauci, da ranar da ya ga an wuce da fursunoni cikin mari. Likitan asibitin da ya daɗe yana kau da kai, shi ma a ɗakin ya ƙare. Abin kunyar da labarin ya tona shi ne yadda ake riƙon marasa lafiyar.

A 1898 ya rubuta labarin Belikov, malamin makaranta mai yawo da laima da takalman ruwa ko da rana ake ƙwallawa. Komai nasa a cikin kube yake, kuma duk abin da doka ba ta ambata ba yana firgita shi. Ya takura wa gari duka, aure ya gagare shi, kuma da matar da yake nema ta yi masa dariya sai ya kwanta, bayan wata guda ya rasu. Belikov bai fita hayyacinsa ba, yana zuwa aiki kullum. Halinsa ya yi kama da abin da likitoci yanzu ke kira larurar ɗabi'a: tsarin tunani da mu'amala mai tsauri, wanda kan bayyana tun ƙuruciya, ya daɗe, ya wahalar da mai shi da na kusa da shi. Chekhov bai ɓoye cutarwar da Belikov ya yi wa mutane ba, amma ya nuna tsoro ne ke juya shi.

Shi kansa majinyaci ne. Ya fara tarin jini a 1884, amma sai a 1897 ya yarda aka duba shi, aka tabbatar tarin fuka ne. Ya rasu a 1904 a Badenweiler ta ƙasar Jamus, yana da shekara 44.

Idan akwai mai irin wannan hali a gidanku, ku guji laƙaba masa sunan mugu ko mahaukaci, kada kuma ku yanke masa ciwo daga labari ko fim. Likitan ƙwaƙwalwa ne ke tantancewa bayan doguwar tattaunawa, kuma jinya ta hanyar magana da ƙwararre na taimaka wa da yawa. Kamar yadda Chekhov ya zauna ya saurari mutanen da aka ƙyamata, ku fara da sauraro, sannan ku raka shi asibiti.