Josef Gingold: Mai gogen da ya bar kujerar gaba ya koma koyarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Garwa ko a nan Tuboro ya san goge, ƙoƙo da fata da izga. To, Turawa ma suna da nasu, na katako mai tsirkiya huɗu, ana ɗora shi a kafaɗa a danne da haɓa. Yau za mu kawo muku tarihin wani gwanin wannan goge ɗan Amurka.

An haifi Josef Gingold ran 28 ga Oktoba, 1909, a garin Brest-Litovsk, wanda a lokacin yake hannun Rasha, yau kuwa yana ƙasar Belarus daf da Poland. Garin bakin iyaka ne kamar namu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bi ta kan garin, saboda haka a 1920 iyalinsa, waɗanda Yahudawa ne, suka yi ƙaura zuwa New York. Can ya yi karatun goge wurin Vladimir Graffman, sannan ya tsallaka Beljiyam ya zauna gaban Eugène Ysaÿe, babban malamin goge na zamanin.

A 1937 gidan rediyon NBC ya kafa ƙungiyar makaɗa tasa ta kansa a ƙarƙashin Arturo Toscanini, aka ɗauki Gingold. Mu ma'aikatan rediyo abin kan ba mu mamaki, a ce tasha ɗaya tana biyan makaɗa wajen 90 albashi! Daga nan ya zama shugaban masu goge a Detroit, a 1947 kuma George Szell ya ɗauke shi zuwa ƙungiyar Cleveland.

Wannan kujera tana buƙatar bayani. A irin waɗannan ƙungiyoyi akwai jagora da ke tsaye da sanda, masu goge kuma sun kai 30. Shugabansu yana zaune a gaba, ta hagun jagoran. Shi ke sa kowa ya daidaita sautin tsirkiyarsa kafin a fara, shi ke tsara inda hannu zai yi sama da inda zai yi ƙasa don a tafi tare, in an zo wurin da goge ɗaya zai yi kuka shi kaɗai, nasa ne. Kuma shi ne tsani tsakanin jagora da makaɗa. 'Yan kasuwar Mbaibum sun san irin wannan matsayi: babban yaron maigida, wanda ke sauraron faɗa daga sama da ƙorafi daga ƙasa. Szell kuwa an san shi da tsanani ƙwarai. Gingold ya yi shekara 13 a gefensa, a cikinsu ne Cleveland ta shiga sahun gaba a duniya.

A 1960, ana ganin ya kai ƙololuwa, sai ya ajiye kujerar ya koma koyarwa a Jami'ar Indiana da ke Bloomington, ƙaramin gari. A ganina nan ne babban aikinsa yake. Ya shafe sama da shekara 30 yana koyarwa, ɗalibansa kuma sun shaide shi da haƙuri da fara'a, ba ya tilasta wa yaro ya kwaikwayi hannunsa. Cikinsu akwai Jaime Laredo da Miriam Fried, da Joshua Bell wanda aka kawo masa yana ɗan shekara 12, ya kuma zama ɗaya daga cikin fitattun masu goge na duniya.

Bai manta da waɗanda ba za su yi suna ba, masu neman aikin albashi a cikin ƙungiya. Dominsu ya tattara wuraren da suka fi wuya a manyan kaɗe-kaɗe cikin littafi juzu'i 3, wanda masu shirin jarrabawar ɗaukar aiki ke bita. A 1982 ya jagoranci kafa gasar goge ta duniya a Indianapolis, wadda ake yi duk bayan shekara 4.

Ya rasu a Bloomington ran 11 ga Janairu, 1995, yana da shekara 85.