Malam Muhammadu Bakatsine: Malamin lissafin da Masar ta riƙe har ƙarshen ransa

Duk matashin malamin da ke koyar da kimiyya a Jami'ar Ilimi ta Gyallesu ko a jami'ar ABU da ke Samaru ya san yadda ake rububi in an buɗe tallafin zuwa koyarwa a jami'o'in waje. Da an ga sanarwa a Facebook, sai a hau gyara takardu, kowa na fatan sunansa ya fito. Shirin Fulbright na Amurka ya fara ne a 1946, ita kuma Najeriya ta kafa nata shirin TAC a 1987, wanda ke tura ƙwararru, har da malaman jami'a, su yi shekara biyu a ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na tekun Pasifik. To amma kun san cewa shekara ɗari biyu kafin Fulbright, akwai ɗan ƙasar nan da manyan malaman Alƙahira suka zauna gabansa suna ɗaukar karatu?

Sunansa Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatanin Katsina. A gida ya yi karatunsa, ba a Masar ba. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi da Shehu Muhammad Bindu, wanda a wurinsa ya naƙalci hisabi da ilimin lokuta da ilimin aufaƙi. Wannan ya nuna tun wancan zamani ana karanta lissafi a zaurukan Katsina da Barno, gefe da gefe da nahawu da fiƙihu.

Mene ne aufaƙi? Shi ne abin da muke kira hatimi. Ɗauki biro ka zana gida tara, uku-uku. Layin sama ka sa 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Yanzu tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. In gidajen biyar-biyar ne, jimillar ta zama 65, in bakwai-bakwai ne 175. Cika gida tara wasa ne, amma gwada gida 49 ba tare da ƙa'ida ba ka ga yadda kai ke ɗaukar zafi. Gwanintar Malam ita ce shimfiɗa ƙa'idojin da za ka bi ka cika irin waɗannan gidaje masu adadin mara, daki-daki, ba da canki-canka ba. Gaskiya ne a zamaninsa ilimin yana haɗe da na haruffa da asirai, abin da malamai suka yi saɓani a kai. Amma lissafin da ke ciki shi ne masana tarihin kimiyya ke nazari har gobe.

Malam ya bar gida ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya kammala littafinsa na aufaƙi mai suna Bahjatul Afaƙ. Ya kuma rubuta Addurrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai, ya yi rubutu a kan manɗiƙi da nahawu. Kwafin rubutunsa na hannu ya kai har ɗakin karatu na makarantar SOAS a Landan, kuma Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta yi bayanin dabarunsa a littafinta Africa Counts na 1973.

Wa ya ɗauki nauyinsa a can? Babu fom, babu hukuma, babu alawus na dala. Tallafinsa mutum ne guda: Shehu Hasan al-Jabarti, babban malamin Azhar kuma masanin falaki, wanda asalin gidansu daga yankin ƙahon Afirka ne. Ya karɓi baƙon a gidansa, kuma duk da girman iliminsa ya durƙusa ya koyi aufaƙi a wurinsa. A gidan nan Allah ya yi wa Malam Muhammadu rasuwa a 1741, daidai da 1154 bayan Hijira, bayan ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa a kan kabarin. Ɗan Shehu Hasan kuwa, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne shahararren marubucin tarihin Masar, kuma shi ya adana mana labarin.

Nan ne abin ke da ɗan ɗaci, jama'a. Malam bai dawo ba, littattafansa ma can suka zauna. Shi ya sa yau ɗalibin lissafi zai iya gama digiri a Zariya, ya haddace sunayen Turawa ashirin, bai taɓa jin sunan Bakatsinen ba. Masar ta amfana, Landan ta adana, mu kuma sai a intanet muke tsintar labarinsa.

Don haka in kana shirin neman irin wannan tallafi, akwai abu biyu a tarihinsa. Na farko, an girmama shi ne saboda ya je da abin da mutanen can ke buƙata, kuma a gida ya haɗa shi. Ka ƙware a fanninka tun kana nan, ka rubuta, ka buga. Na biyu, musaya tafiya ce da dawowa. In ka je, ka dawo da littafi, da abokin bincike, da ƙofar da ɗalibanka za su bi bayanka. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya sa mu ga ranar da za a koyar da hatiminsa a ajin lissafi na makarantunmu.