Shehu Magili, Malamin Sarki Rumfa

Mu da muka tashi a karkarar arewacin Kano, wajen Minjibir da Bichi da Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, mun san rigimar iyaka da ta gado ba ta kwanciya sai mai iko ya zauna ya saurara. Ya kamata mu san malamin da ya rubuta wa sarakunanmu wannan ƙa'ida tun fiye da shekara 500 da suka wuce.

Sunansa Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsan ne, a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Da ya ƙoshi da karatu sai ya koma Tuwat, zangon fatake cikin Sahara. Mutum ne mai zafi. A can ya tsananta wa Yahudawa har aka rushe wurin ibadarsu, ko da ya ke alƙalin wurin bai yarda da fatawarsa ba. Daga nan ya bi ta Azbin, ya iso Kano wajen 1492, zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Sarki ya karɓe shi hannu biyu. Shehu kuwa ya rubuta littafin nan Tajuddini, mai babi takwas, a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Gargaɗi guda ya yi ta maimaitawa, watau kada sarki ya ɓuya wa talakawansa, gama daga nan ɓarna ke tsirowa. Ya hori sarki ya riƙa fitowa yadda mata da raunana za su kai kuka da bakinsu, ya binciki wakilansa, kada ya karɓi dukiya sai ta halal, kada kuma ya kashe ta sai inda ta dace. Ai kowa ya san in bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

A 1513 wani mutumin Italiya, Makiyabeli, ya yi nasa littafin sarauta, ya nuna tsoron sarki ya fi sonsa tsare gadon mulki. Shi dabarar riƙe mulki ya koyar, Magili kuwa nauyin da ke wuyan mai riƙon.

Shehu ya zauna Katsina, sa'an nan ya tafi Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. Can ya ji an kashe ɗansa a Tuwat, ya koma, ya rasu wajen 1504. Sharifan Kano suna danganta kansu gare shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da amsoshinsa, Malam Abdullahi kuma ya ɗebo daga Tajuddini cikin Liya'ul Hukkami, wanda ya rubuta a Kano. A 1932 Baldwin ya juya littafin da Turanci.

To, cikinmu akwai masu zama malamai, da alƙalai, da hakimai. Duk wanda Allah ya ɗora bisa jama'a, ya bar zaurensa a buɗe ga manomi.